Fangalin Shaida na Iya Ladi

Kwanakin baya wasu samari biyu suka same ni a lambu ina cire ciyawa a tsakanin latas. Haya suka kama a unguwar Wambai, aikin da suka zo nema a Abuja bai samu ba, sai wani ya ce musu noman rani ba shi da wuya. Ɗayan ya miƙo mini waya da hoton ganyen kabeji duk huji, ya ce, "Baba, wane magani za mu saya?" Na tambaye su ko sun juya bayan ganyen, ko sun tona gindin. Suka dubi juna. Ɗayan ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba asibiti muka zo ba. Sunan magani kawai muke so."

Ban ji haushinsu ba, domin na fi su wannan halin. Sunana Garba, amma a bakin rafin nan na Suleja in ba ka ce Garba Feshi ba, ba wanda zai nuna maka ni, kuma sunan ba na yabo ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, rubutun nan ma da ƙyar nake jan sa, sai dai tun da yaran suka tafi na kasa zama wuri ɗaya. Ni mutum ne mai gaggawa. In na hango huji a ganye, hannuna yakan riga idona isa wurin. Abin da halin ya jawo shi zan faɗa, ko wani ya tsira da shukarsa.

Dashen attaruhu shi ne aikin farko da na ji kunya a kansa. Lokacin ina saurayi, ina koyon aiki a hannun Baba Shu'aibu, wani dattijo daga ƙauyukan bayan gari wanda ya riga kowa fara lambu a wannan gefen rafi. Mun yi dashe da la'asar, da safe muka tarar da yawa a kwance, an datse su daga gindi kamar da reza. Nan take na ce awakin unguwa ne, na ɗauki sanda zan shiga gari neman masu su.

"Dawo nan, sarkin yaƙi," in ji Baba. "Ka taɓa ganin akuyar da za ta yanke ganye ta bar shi a ƙasa ta tafi? Ina sawunta? Tsuguna."

Na tsuguna. Ya sa ni tona ƙasa da yatsa a gindin wanda aka datse. Ban yi nisa ba sai ga wata tsutsa mai launin toka, ta naɗe kamar zobe. Can gaba kuma ya nuna mini rami da sabuwar ƙasa a bakinsa, an ja ganyen attaruhu rabi ciki rabi waje. Ya ce in kawo ruwan sabulu a gwangwani. Muna zubawa sai ga gyare ya fito yana tangaɗi. Ɓarayi biyu a wuri guda, kuma ba akuya a cikinsu.

Haka ya riƙa koya mini, kullum a tsugune. Wata rana kuɓewa ce ta yi yaushi tana danƙo kamar an shafa mata zuma. Ya ce in bi cinnakun da ke hawa da sauka, suka kai ni bayan ganye inda darɓa ta yi cincirindo. Wata rana tumatir ne yake langaɓewa da rana tsaka alhali ƙasa a jiƙe take. Ni har na ɗauki bokiti zan ƙara ruwa, shi kuwa ya tuge guda ya nuna mini saiwar duk ƙulli-ƙulli kamar carbi, ya ce ciwon a cikin ƙasa yake, baɗi masara za mu sa a wurin. A hannunsa na san fara daga gefen ganye take fara ci, tsutsa kuma tana barin baƙin kashi a ganyen da ke ƙasa da ita. Dodon koɗi ko ya ɓuya, yawunsa yana nan yana ƙyalli a kan latas. Akwai ma ɓarnar da ba bakin ƙwaro a ciki. In ka ga tumatir da baƙin gindi, mai lambun ne ya yi wasa da ban ruwa, yau ya cika gobe ya manta.

Amma abin da Baba ya fi riƙewa, wanda 'yan lambu suke masa dariya a kai, shi ne fangalin shaida. Duk abin da ya shuka, sai ya ware fangali guda a can ƙarshen layi, ya kafa sanda ya ɗaura mata jan tsumma. Ruwa da taki yana samu daidai da sauran. Amma ba toka, ba ruwan dogon yaro, ba maganin kanti. Ko tsutsa tana cin sa a gaban idonka, ba ka taɓawa. Na tambaye shi amfanin wannan asara.

Ya ce, "In na yi wa duka magani suka warke, wa zai gaya mini ko maganin ne ko dama za su warke? In suka mutu, wa zai gaya mini ko ƙwaro ne ko ni ne? Wannan bai ci komai daga hannuna ba, don haka ba zai yi mini ƙarya ba."

Ni ban taɓa son fangalin nan ba. Wucewa ta gefensa ma ƙaiƙayi yake sa ni.

Ranar da na sayi injin feshi na goyo, sai da na goya shi na zaga lambu ba komai a cikinsa, don kawai a gani. Daga nan sana'ata ta zama biyu, ga lambuna, ga feshin da nake yi wa mutane. Masu saye ma sun ƙara zuga ni, ko da yake ba na ɗora musu laifina. Akwai wata madam mai gidan abinci a Abuja, takan ɗaga kabeji ta juya shi ta ce, "Oga Garba, wannan rami-rami fa? Kwastoma ba ya cin rami." 'Yan gwari na babbar kasuwa su ma mai sheƙi suke nema. Sai na koma feshi ko da ƙwaro ko babu. Na sha fesa alayyafo yau in yanka gobe in kai kasuwa. Wata mai sayar da tuwo a tasha ta taɓa shinshina damin da na kai mata ta ce, "Malam, miya zan yi da wannan ko sauro zan kashe?" Na rantse mata cewa warin taki ne. Ban san cikin mutum nawa irin wannan ganye ya shiga ba. Allah ya yafe mini.

Shekarar da sharon ya shigo mana, a nan ya kamata in yi hankali. Ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai fukafukai, tsutsarsa tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikin, gona ta yi fari kamar wuta ta bi ta kai, 'ya'yan tumatir kuma duk huji. Na fesa da safe, na fesa da yamma. Na haɗa magani kan magani har ƙirjina ya fara zafi. Baba lokacin ya tsufa, a kan kifaffen bokiti yake zama yana kallona ina kai da kawowa.

"Garba, dubi shaida, dubi naka. Wanne ya fi wani?"

Na duba. Duk ɗaya suke, an cinye su daidai wa daida.

"To ajiye injin nan, abin ba ya jin sa."

Shi ya tuge tumatirinsa ya ƙone, ya watsa alayyafo a wurin, ya sami na cefane. Ni na ci gaba da feshi har sai da ba abin da ya rage da za a fesa. Ba a daɗe ba Baba ya rasu. Matarsa, Iya Ladi, ta riƙe ɗan gefen lambunsa, da sandar da tsumman. Ni na gaji fartanyarsa, na bar shaidarsa.

Ranin bara Malam Nura ya zo mana. Mutumin Zamfara ne, rashin zaman lafiya ya raba shi da gonarsu, ya kawo iyalinsa ya kama ɗaki a Suleja, yana aikin gadi a wani gida a Abuja. Da asuba yake bin bas, sai ranar hutunsa muke ganinsa sosai. Alhaji Tanko, mai filin da dukanmu muke nomawa, ya ba shi wani ɗan gefe kusa da nawa. Ya zo da irin tumatir a ƙulle a bakin tsumma, ɗan kaɗan. Ya ce na mahaifinsa ne, kowace shekara daga 'ya'yan ake cire na baɗi, kuma wannan ne kaɗai ya rage a hannun danginsu. Ya rene shi gaba ɗaya, bai ajiye ko ƙwaya ba. Dashen ya yi wa wurinsa yawa, sai ya kai wa Iya Ladi ragowar.

Ana cikin haka aka kira ni aiki wajen Sabon Wuse, a wata gonar shinkafar rani. Maganin ciyawa ne, irin wanda yake kashe mai faɗin ganye ya bar shinkafa. Na gama rana ta yi zafi, mai babur ɗin da zai dawo da ni yana ta ƙorafi. Na ɗauraye tankin sama-sama na zubar, ban bi ta kan tiyo da bakin feshin ba. Na san da sabulu ake wankewa, a tura ruwan ta tiyo har ya fita tas. Mai shagon da nake sayen magani ta sha gaya mini in ware wa maganin ciyawa injinsa daban. Duk na sani. Washegari na haɗa maganin ƙwari a ciki na bi lambun kowa, domin kowa ni yake ba wa feshi, har da Malam Nura. Da na iso na Iya Ladi, ta tare ni kamar yadda ta saba.

"Ban da mai tsumma, Garba."

"Haba Iya, har yanzu?"

"Har in bi marigayi," in ji ta.

Ba a jima ba sabon tohon tumatir ya fara murɗewa. Ganye ya tsuke ya zama siriri kamar igiya, kan shuka ya lanƙwashe yana kallon ƙasa. Lambu bayan lambu, duk haka. Muka taru a gindin mangwaro, Alhaji Tanko ya ce, "Garba, kai ne likitanmu. Mene ne wannan?" Ban tsuguna ba, ban juya ganye ko ɗaya ba. Akwai ciwon murɗewa da farin ƙuda yake yaɗawa, shi ne ya fara zuwa mini baki, shi na faɗa. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ƙara da cewa ba mu taɓa ganin irin wannan ba sai da aka kawo mana baƙon iri. Ban kama suna ba, amma kowa ya juya ya dubi gefen Malam Nura.

Alhaji ya yanke cewa Malam Nura, ranar hutunsa mai zuwa, ya tuge tumatirinsa duka ya ƙone, kuma ya nemi wani wurin noma. Da yamma Malam Nura ya same ni, ko kayan aikinsa bai cire ba.

"Baba Garba, don Allah ku duba mini da kyau. Irin wanga tun ina yaro muke shuka shi, bai taɓa yin haka ba. In an tuge shi bai yi 'ya'ya ba, shi ke nan ya ƙare."

Na ce masa ni dai abin da na gani na faɗa. Alhali ban ga komai ba.

Ana gobe hutun Malam Nura, na goyo injin zan sake zagaye, wai in kashe farin ƙuda, sai Iya Ladi ta ƙwala mini kira. "Likita, zo ka karanta mini wannan." Ta kai ni ƙarshen layinta, wurin jan tsumma. Tumatirin fangalin nan a tsaye yake cak, ganye shar da faɗi, da 'yan hujin tsutsa nan da can, har ya fara fure. Wanda ke maƙwabtaka da shi kuwa duk a murɗe.

"Duka biyun dashen Nura ne," in ji ta. "Rana ɗaya na dasa su, ruwa ɗaya suke sha. Girgiza murɗaɗɗen nan mu ga ƙudan naka."

Na girgiza. Ko ɗaya bai tashi ba. Ta nuna mini kuɓewar da ke gefe, ita ma ta murɗe. Ta nuna mini ciyawar kan kunya, har ita ta lanƙwashe.

"Wane ciwo ne wannan da zai kama tumatir da kuɓewa da ciyawa rana ɗaya, ya iso wurin tsumma ya ja birki? Me ka ba su wanda ba ka ba wannan ba?"

Injin da ke bayana ya yi mini nauyi. Na tuna Sabon Wuse, na tuna mai babur, na tuna tiyon da ban wanke ba. Na gaya mata. Ta ce, "To ka ji. Ba ni na fesa ba, ba ni zan faɗa ba." Ta koma ban ruwanta.

Abin da na yi bayan haka ya fi na farko muni, domin na farko gaggawa ce, wannan kuwa da sanina na yi. Ban je wurin Alhaji ba. Rafi na sauka na wanke injin da sabulu, har tiyo har baki, kamar wankin zai koma baya ya gyara shuka. Na riƙa gaya wa kaina cewa tumatirin zai iya farfaɗowa da kansa, Malam Nura kuma ba zai rasa wani wuri ba, ni kuwa in na yi magana wa zai ƙara ba ni feshi. Da safe maimakon in wuce lambu, sai na kwashi latas na kai kasuwa. Na sayar, na kasa tafiya. Na zauna wurin mai shayi, na tashi, na zaga layin 'yan gwari ba abin da nake nema, na dawo. Sai da hantsi ya yi sosai ƙafata ta kai ni bakin rafi, tun daga nesa na hango hayaƙi.

Malam Nura ya tuge fiye da rabi. Ya tara su da busasshiyar ciyawa, wuta tana ci. Alhaji da sauran 'yan lambu suna tsaye. Shi kuwa Malam Nura yana tugewa yana kakkaɓe ƙasar saiwa yana jefawa. Iya Ladi tana zaune a kan kifaffen bokitin Baba, ba wutar take kallo ba, ni take kallo.

"Malam Nura, dakata," na ce. "Irinka ba shi da laifi. Ni ne."

"Me ka ce?" in ji Alhaji.

Na faɗi komai, tun daga gonar shinkafa har wankin jiya. Na ja su zuwa wurin jan tsumma, na nuna musu abin da aka nuna mini. Wani daga cikinsu ya ce, "Wato mu muka kira ka da bakinmu ka zo ka kashe mana tumatir, sannan ka tsaya a gindin mangwaro kana mana wa'azi?" Wani ya ce ashe likitan ne ciwon. Aka yi ta faɗa, kuma ba wanda ya yi mini ƙazafi. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce Malam Nura yana nan a wurinsa, ni kuma kada in ƙara fesa wa kowa komai a filinsa.

Malam Nura yana tsaye da shuka guda a hannu, saiwarta a waje. Ya dube ni ya ce, "Baba Garba, da jiya kuka faɗa, da wannan ba ta bar ƙasa ba." Ya tsuguna ya tona rami ya mayar da ita, ya zuba mata ruwa. Ba ta kama ba.

Tumatirin da ya rage, nasa da na sauran mutane, wasu sun farfaɗo a makare, suka yi 'ya'ya 'yan kaɗan masu karkataccen jiki. Malam Nura ya ce ba zai cire iri daga waɗannan ba. Fangalin Iya Ladi kuwa ya yi 'ya'ya har yana kwantawa. Madam ɗin Abuja ta taya, Iya ta ce ba na sayarwa ba ne. Ta bar su suka nuna lugub a jikin uwa, ta tsinke ta cika kwano ta miƙa wa Malam Nura. A nan gindin mangwaro ya zauna ya matse su, ya wanke ƙwayar, ya shanya a kan faranti, yana korar kaji da kansa. Ƙullin da ya koma da shi gida ya fi wanda ya zo da shi girma. Ya raba shi biyu, ya bar rabi a hannun Iya, wai kada a sake tara shi wuri ɗaya.

Feshin haya ya ƙare mini tun daga ranar. Injin yana rataye a rumfa, sai na duba na tabbatar da abin da ke cin shuka nake sauko da shi, kuma alayyafon da na fesa ba ya zuwa kasuwa sai ya huce. Ba na cewa na warke. Har yanzu in na ga huji, sai na ji kafaɗuna suna neman igiyar goyo.

Bana da Malam Nura ya yi reno, wata safiya na iso na tarar da damin dashe a bakin lambuna, an lulluɓe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. A gefensa an jingina sanda da jan tsumma a ɗaure. Na dasa su, na kafa sandar a ƙarshen layi. Yanzu haka akwai wata koriyar tsutsa da ta kama fangalin, na san ganyen da take, na ga kashinta. Ina zagaya ta safe da yamma. In samarin nan na Wambai suka dawo, nan zan kawo su in sa su tsuguna, kafin mu yi maganar sunan magani.

Jiya ma ina tsaye a kan tsutsar nan da sassafe, ban san hannuna ya miƙa ba. Malam Nura ya biyo ta kan kunya da jakarsa, yana sauri kada bas ta bar shi. Ko tsayawa bai yi ba, ya ɗaga murya ya ce, "Baba Garba, hannu a aljihu!"

Na mayar da shi aljihu.